'Yar Uwar Abarba Da Ƙoƙon Ruwanta

Uwargida, ko kin san abarbar da muke yankawa tana da 'yan uwa da ake ajiyewa a falo don ado? Sunan danginsu buromiliyad, asalinsu nahiyar Amurka ne. Ina da tukwane 3 na irin da ake kira Guzmaniya, kuma babu baƙuwar da ke shigowa ba ta tanka su ba.

Abin da ya bambanta wannan shuka shi ne yadda ganyayenta suka kewaye juna, suka yi ɗan ƙoƙo a tsakiya. A dajinsu, da yawa a jikin bishiya suke maƙale, ruwan sama ya taru a ƙoƙon, ganyen ya riƙa tsotsa. Saiwar kusan aikinta riƙo ne kawai. Shi ya sa ƙoƙon nake zuba wa ruwa, ƙasar kuwa na bar ta da ɗan danshi, don in ta jiƙe sharkaf gindin ruɓewa yake yi.

To amma fa ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi irin wannan ɗan ruwa yake nema, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwansa ya zama sauro mai fiffike. A tsibirin Tirinidad, cikin shekarun 1940, an gano sauron cizon da ke addabar manoman koko a ƙoƙon waɗannan shuke-shuke yake hayayyafa. Ni da ke da yara a gida, ba zan yi kiwon sauro da sunan ado ba.

Duk Asabar nakan fitar da tukwanen tsakar gida, in karkata kowace in zubar da tsohon ruwan. Sai in kwarara sabo da ƙarfi, ya wanke ƙura da busasshen ganye da tsutsotsi, in sake zubarwa, sannan in zuba kaɗan, kamar rabin ƙoƙon. Ruwan sama na fi so, domin na rijiya mai zartsi yana barin farin gishiri a ganye. Ban da sabulu, ban da kananzir. Da hunturu ƙura ta fi yawa, sai in ƙara da goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Sau ɗaya take fure a rayuwarta, daga nan ta fitar da 'ya'ya a gindi ta soma bushewa. In ɗiyar ta kai rabin uwar, ki cire ki dasa. In za ki ba maƙwabciya, ki haɗa mata da bayanin wankin ƙoƙon, don sauron gidanta bai san katanga ba.