Baba ya cika shekara 70: Godiya ga waɗanda suka riƙe shi

Mai karatu, wannan makon filin namu na godiya ne, kodayake ka san ba zan rasa saka zancen magani a ciki ba.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi wa mahaifina walimar cika shekara 70 a gidanmu da ke Mile 3, a yankin Diobu cikin Fatakwal. Da farko ƙi ya yi, ya ce bikin ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce. Sai da muka yi masa alkawarin sauka za a yi da addu'a, a ci abinci a watse, sannan ya yarda.

Na gode wa 'yan uwanmu da suka yi asubanci daga Onica da Inugu. Na gode wa abokan sana'arsa 'yan albasa na kasuwar Mile 3, waɗanda yake tare da su tun zuwansa garin nan yana saurayi, 'yan shekaru bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Na gode wa maƙwabtanmu Ikwerre da Ibo da suka aro mana kujeru, suka zauna har aka shafa fatiha. Allah ya bar zumunci.

Sai dai akwai wata godiyar da ba a yi a wurin taron ba. Shekara 12 ke nan da likita ya shaida wa Baba yana da hawan jini. Daga cikin sa'o'insa na kasuwa, akwai waɗanda suka yanke jiki suka faɗi ba su sake tashi ba. Wani amininsa a kan kujera aka kawo shi walimar, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana na Allah ne, amma Baba ya kai 70 da ƙafarsa, kuma na san hannayen da Allah ya yi amfani da su.

Ta farko Hajiyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da yajin tsire. Hajiya ta rage duka, ta koma ga daddawa da citta da tafarnuwa, ta jure ƙorafin "miyar nan salam take" har bakinsa ya saba.

Na biyu ƙanena, wanda ke miƙa masa ƙwayarsa kullum bayan sallar asuba. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake bari idan an ji sauƙi. Riƙe jinin yake yi, ana daina sha jinin zai koma sama, sau da yawa ba tare da ko ciwon kai ba.

Na uku wani mai shagon magani a layinmu. Lokacin da gwiwa ta matsa wa Baba, ya aika a sayo masa diclofenac. Mutumin ya ƙi sayarwa, ya ce a fara tambayar likita. Ya yi daidai, domin diclofenac da ibuprofen suna iya ɗaga jini, su kuma taɓa ƙoda, musamman ga dattijo. Ya bar ciniki don lafiyar maƙwabcinsa.

Kai ma, mai karatu, akwai dattijo a gidanku. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Idan za ka yi wa mahaifinka ko mahaifiyarka kyauta, ka haɗa shaddar da na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a damtse. A zauna a huta minti 5 kafin a auna. In aka ga 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, a tafi asibiti, kada a ari maganin maƙwabci. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Sannan ka duba wa ke tsaye kan lafiyarsa a gida, ka ce masa an gode. Yawanci wannan hidimar ba mai ganinta sai ranar da aka rasa mai yi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka.