Daren da Aka Fasa Sito

Mu ne 'yan farin shirin UPE, ilimin firamare kyauta da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Da muka gama aji shida a 1982 sai muka kwararo makarantun sakandare na gwamnati kamar ambaliya, alhali ba a ƙara gado ko tukunya ba. A shekarar ce kuma Shagari ya shigo da matakan tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar farashin man fetur. Ni wata makarantar kwana ta maza aka tura ni, a tsohuwar Jihar Kano, tun ba a cire Jigawa ba.

Ranar da muka isa aka miƙa wa kowa takardar dokoki da aka buga da tafireta. Kada a fita ba izini. Kada a yi Hausa a aji. Kada a ajiye rediyo ko wuƙa ko kayan gida. Kada a makara asambuli. Tun daga sama har ƙasa hani ne, babu layi ɗaya da ya faɗi inda yaro zai kai kuka idan shi aka zalunta. Mahaifina ya sa hannu da ajami, ya dubi malamin da ke karɓar mu ya ce, "Ga shi nan, Malam, amana. In ya karkace a zane shi." Duk iyayenmu haka suke faɗa, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa, don a wurinsu icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da iyayen ba su sani ba, malamai ba su ne ke riƙe da makarantar ba. Firinsifal sai ranar Litinin muke ganinsa. Akwai Sajan, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, mai tsaron ƙofa da dorina a hamata, amma shi dukansa na da ƙa'ida: in an ce shida, shida zai yi. Da an sallame magariba malamai sun koma gidajensu, mulki ya koma hannun 'yan fom faif. Su ke sa tsallen kwaɗo da kamun kunne da gwale-gwale. Su ke miƙa maka langalanga su nuna maka filin ƙwallo su ce kafin ƙararrawar firef kada su ga ciyawa. Ɗan fom wan shi ne mai ɗebo ruwan wankan siniya, shi ne mai wanki da guga da dutsen gawayi, kuma garin kwakinsa da ƙuli-ƙulin da uwarsa ta ƙulle masa ba nasa ba ne sai abin da aka rage. In ka buɗe baki, amsar ɗaya ce: bin na gaba bin Allah. Kowa na haɗiyewa, yana lissafin ranar da shi ma zai kai fom faif ya fanshe a kan ɗan wani.

Ba na cikin masu cewa duk horon nan zalunci ne. A can na koyi tashi kafin asuba, da gyara gado, da cika lokaci. Kuma malamin tarihinmu, wanda shi ne mai kula da gidan kwananmu, yana duka, dukan gaske ma. Sai dai bai taɓa ɗaga bulala ba sai ya ce, "To, kai me ka ce?" Ya tsaya ya ji. Wani lokaci ya ji ya zane ka, wani lokaci ya ji ya sallame ka ya aika a kira wanda ya kawo ƙarar. Ban san yaron da ya riƙe shi a zuci ba.

Ranar ƙarshe ta 1983 sojoji suka hamɓarar da Shagari, a watan Maris na 1984 kuma Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. A gari ana bin layin madara da sukari da sabulu, soja na tsaye da bulala, ma'aikacin da ya makara ana sa shi tsallen kwaɗo a gaban ofis. Iskar ta shigo mana. Firifet-firifet suka ƙara ƙaimi, don yanzu abin da suke yi har a rediyo ana yabon irinsa.

Abinci kuwa sai baya yake yi. Damina ba ta yi kyau ba a 1983, hatsi ya yi tsada, ɗan kwangilar da ke kawo mana kaya ya fara ha'inci. Kokon safe ya koma tsararo ba sukari. Wake duk ƙwari da tsakuwa. Gabzar dare, tuwon nan namu na makaranta, ta fara zuwa da ɗaci da warin ruɓaɓɓen gari, miyar kuka kuwa kana hango gindin kwano. Zawo ya kama yara. Firifet ɗin abinci, wanda a ganina ya yi iya yinsa, ya ɗauki kwano guda ya kai ofis. Aka ce masa gwamnati kyauta take ciyar da mu, wanda bai ƙoshi ba ya koma gidan ubansa. Aka ƙara masa da gargaɗin cewa kawo irin wannan magana ma rashin ɗa'a ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Wani dare bayan an sauke tuwo, sai muka ji an fara buga kwanuka a kan tebur daga can ƙarshen ɗakin cin abinci. Kafin ka ce kwabo duk ɗakin ya ɗauka. Wani ya jefi ƙwan lantarki, wuri ya yi duhu. Ni ina fom uku a lokacin, na tsaya jikin bishiyar darbejiya ina kallo, ƙafata na rawa. Aka ɓalle ƙofar sito, aka farke buhuna, aka watsar da garin a tsakar makaranta don kowa ya ga tsutsar da ke ciki. Daga nan abin ya fi ƙarfin waɗanda suka fara shi: aka farfasa tagogin ajujuwa, aka jefi motar makaranta, har ɗakin gwaje-gwaje da bai ci wa kowa tuwo ba sai da aka taɓa. Cikin dare 'yan sandan kwantar da tarzoma suka iso da barkonon tsohuwa. Da gari ya waye aka ce an rufe makaranta, kowa ya kama gabansa.

Da aka buɗe, sharaɗi uku ne. Kowane ɗalibi ya zo da uba ko waliyyi, a biya kuɗin ɓarna, a sa hannu a takardar alkawarin ba za a sake ba. Sannan Sajan ya ba kowa rabonsa a gaban mahaifinsa. Nawa mahaifin akuya ya sayar ya biya, kuma bai ce mini uffan ba har muka rabu.

Sai maganar jagororin tarzoma. Hukumar makaranta ba ta ga fuskar kowa ba a duhun nan, don haka ta ce firifet-firifet su rubuto sunaye. Nan fa kowa ya samu damar biyan tsohon bashi. Cikin waɗanda aka kira a asambuli za a kora har da wani ɗan ajinmu daga wajen Gaya, siririn yaro marar magana, wanda duk gidanmu an san ya taɓa ƙin wanke wa wani siniya takalmi. Kuma duk mun san daren tarzomar yana kwance a ɗakin shan magani, zawo ya kayar da shi. Mun sani, amma wa zai ɗaga hannu a asambuli?

Mahaifinsa, dattijo manomi, ya durƙusa a ƙofar ofis yana cewa, "Ranka ya daɗe, in ya yi, ban hana a hukunta shi ba. Amma a tambaye shi mana." Aka ce magana ta riga ta wuce, an tura sunaye ma'aikatar ilimi.

Malamin tarihi ne ya ƙi. Daga baya muka ji cewa a taron malamai ya ce shi ba zai sa hannu a korar yaron gidansa ba alhali ko sau ɗaya ba a kira shi an ji ta bakinsa ba, ko alƙali ma sai ya ji ɓangare biyu. Ya taka da kansa wurin disfensa, wani dattijo mai rubuta komai, ya ɗauko rajistar marasa lafiya. Ga sunan yaron, ga kwanan wata, ga maganin da aka ba shi, ga lokacin da aka sallame shi washegari. Dole aka kafa kwamitin malamai, aka riƙa kiran waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Ni ma an kira ni shaida. Ina shiga na ga kujera, aka ce in zauna, na tsaya ina waige-waige don ban taɓa zama a gaban malami a ofis ba. Wasu daga cikin yaran suka amsa laifinsu da bakinsu, aka kore su. Wasu aka wanke su.

Wannan ya faru kusan shekara ashirin kafin Najeriya ta yi Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a wancan lokacin ko kalmar haƙƙin ɗalibi ba ma ji. Malamin bai karanto wata doka ba, kuma bai samu lambar yabo ba. Zangon karatu na gaba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙauye. An sauya ɗan kwangila, tuwo ya gyaru na ɗan lokaci. Siniyan da ya rubuta sunan ƙarya bai rasa muƙaminsa ba, ya rubuta jarrabawarsa ta WAEC ya tafi abinsa. Shi kuwa ɗan Gaya ya dawo aji, amma kuɗin ɓarnar da mahaifinsa ya biya ba a mayar ba, domin takardar ma'aikata cewa ta yi kowane ɗalibi.