Tsumman da Ke Cin Fentin Mota

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mu ne masu wanke motar gida ranar Asabar. Wasunmu kuma da hutu wurin wankin mota suke zuwa su nemi kuɗin littafi da na sabulu. Duk mun iya zuba ruwa da kumfa, amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa wajen tsane ruwan ne ake yawan lalata fenti. Mota za ta fito tas, sai rana ta haska ta a ga wasu siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo a kan bonet da ƙofofi, musamman idan baƙa ce. Ba tsufa ne ya kawo su ba, tsumma ne.

Mun ga ya dace mu kawo wannan magana allon nan saboda abin da ke cikinta amana ce. Wanda ya miƙa mana makullin motarsa, ko mahaifi ne ko malami ko baƙo, dukiyarsa ya damƙa mana. Mai sayen mota yakan fara duba ko fentin kamfani ne a jikinta, kuma wadda aka sake wa fenti farashinta na faɗuwa. Yaron da ke barin karce a motar mutane kuwa, ba sai an kore shi ba, masu motar ne za su daina kiransa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai na sama wanda ba shi da launi, shi ne mai ƙyalli. Kaurin wannan na saman wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, alhali maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Wato bai kai kaurin silin gashin kai ba a yawancin motoci. Wannan ɗan siririn rufi shi muke gogewa duk mako.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, har daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can tafki ne. A cikin ƙurar da yashin unguwanninmu akwai ƙwayoyin dutsen da ake kira kwaz. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, lu'ulu'u yana kan lamba 10, kwaz yana kan 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Abin da zai iya karce gilashi, ina ga fenti? Ƙwaya ɗaya ta maƙale a tsumma, muka danna muka ja, ta bar layi ke nan.

Saboda haka tsane mota tun daga ɗauraya yake farawa. Mukan tabbatar ruwa ya kwashe kumfa da datti duka, daga rufi zuwa ƙasa. A zubin ƙarshe mukan kwarara ruwan a hankali da bokiti ko tiyo marar feshi, domin ya gangaro a shimfiɗe ya ja sauran ɗigon ya tafi da su. Ruwan da ya rage kaɗan ne, gugar ma sai ta zama kaɗan.

A inuwa muke yi, da sassafe ko da yamma, lokacin da jikin motar ya huce. Dalili shi ne ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa irin su kalsiyam. Idan rana ta busar da shi kafin mu kai wurin, sai ya bar fararen ɗige-ɗige, mutum kuma ya shiga dirza da ƙarfi don ya fitar da su. Wannan ma shi ya sa barin mota ta bushe da kanta ba mafita ba ce.

Tsohuwar singileti da riga mai rubutu da tsumman goge ƙasa ba na wannan aiki ba ne. Abin da ya fi shi ne tawul ɗin maikurofaiba, wanda ake samu a shagunan kayan mota. Zarensa siriri ne ƙwarai, yana shan ruwa, kuma yana janye ƙwayar ƙura cikin gashinsa maimakon ya tura ta a kan fenti. Mukan cire ɗan ƙyallen tambarin da ke gefensa, domin shi ma yana karcewa. Wanda bai samu ba, ya ware tawul ɗin auduga mai laushi da tsabta, na wannan aiki kaɗai.

Daga rufi muke farawa, sai gilasai, sai bonet da but, sai ƙofofi. A wuri mai faɗi mukan shimfiɗa tawul ɗin, mu ɗan daddanna shi da tafin hannu ya sha ruwan, ko mu kama bakinsa biyu mu ja shi a hankali ba tare da danna shi ba. A gefen mota mukan ninka shi huɗu, sai ya ba mu fuska takwas, wannan ta jiƙe mu juya waccan. Ƙasan ƙofofi da tayoyi su ne na ƙarshe, kuma da wani tsumman daban, domin nan ne yashi da baƙin burki suke taruwa. A ƙarshe mukan buɗe ƙofofi da but mu tsane bakinsu, mu kuma bi ƙasan madubai, inda ruwa ke ɓuya ya ziraro daga baya.

Doka ɗaya ba ta da sassauci a wurinmu: tawul ya faɗi ƙasa, aikinsa ya ƙare sai an wanke shi. Kakkaɓewa ba ta fitar da yashi. Haka nan kafin mu matsa kusa da mota mukan cire agogo da zobe, mu lura da kan bel da maɓallan riga. Bayan aiki mukan wanke tawul ɗin shi kaɗai, ba tare da ruwan laushin tufafi ba, domin yana toshe zarensa ya hana shi shan ruwa. Idan ya bushe sai mu sa shi a leda mai tsabta, ba a kan katanga ko cikin but tare da jak ba.

Muna da roƙo ga malamanmu da iyayenmu masu mota. Da safe idan ƙura ta lulluɓe ta, don Allah kada a ce mana mu ɗan share ta da busasshen tsumma. Wannan sharar ta minti biyu ta fi duk wani abu cin fenti. A bari mu zuba ruwa a gilashi don a ga hanya, sauran ya jira ranar wanki. Kuma a taimaka a sayo mana tawul biyu, ɗaya na jiki ɗaya na tayoyi. Kuɗinsu bai kai na sake fentin ƙofa ɗaya ba.