Yini Guda a Mawashi

Mawashi gari ne na manoma a ƙasar Kusada, maƙwabciyar Kankiya, cikin Jihar Katsina wadda aka cire daga Kaduna a 1987. Gero da dawa da wake su ne arzikin mutanensa. Mun iso can da damina cikin Land Cruiser ta ikkilisiya, wadda 'yan'uwa na ƙauyuka ke dogara gare ta in ciwo ko naƙuda ta tashi da dare, domin kai mutum asibitin Kankiya.

Gab da shiga gari sitiyari ya soma kuka, ya yi nauyi har direba ya riƙa juya shi da ƙyar. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ga jan mai yana ɗiga, ya ce, "Malam, famfon sitiyari ne ya gaji."

Ya ku masu karatu, wannan famfo bai fi ƙaramar ƙwarya ba. Bel ne ke juya shi daga inji, shi kuma ya tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo, man ya taimaki hannun direba. In ya mutu mota tana tafiya, amma kauce wa rami ko saniya sai ƙato.

Aka aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, bai dawo ba sai la'asar. Kafin nan mai unguwa ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura, ba wanda ya tambayi addininmu.

Bakanike ya sassauta bel, ya tsiyaye tsohon mai, ya kwance tiyo biyu, ya ɗaura sabon famfo. Sa'an nan ya ɗaga ƙafafun gaba da jak, ya zuba mai, ya sa direba ya yi ta juya sitiyari dama da hagu har kumfa ta ƙare. Ya ce, "In iska ta saura a ciki, sabon ma kuka zai yi." Da magariba sitiyari ya koma juyawa da hannu ɗaya.

Manzo Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa. Akwai masu hidima da ba a ganinsu, kamar mai share ɗakin sujada da mai dafa wa baƙi abinci, sai ran da suka gaza a ji nauyi. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a, mu kuma gode musu tun suna da ƙarfi.