Haƙora Huɗu da Ke Ceton Inji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasunmu suka jingine babur suka koma keke. Cikinmu akwai waɗanda suka ƙara tara kuɗi suka ɗaura wa kekensu inji mai aiki da batir. Mu muna cikinsu, kuma yau za mu yi magana ne a kan wani ƙarfe da ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ke yanke hukunci ko injin zai daɗe ko zai ƙone. Muna nufin farantin haƙoran gaba, wanda sarƙa ke hawa kusa da feda.

Injin keke iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune cikin cibiyar taya, yana juya ta kai tsaye, ba ruwansa da giya. Akwai kuma na tsakiya, wanda ake ɗaurawa a wurin feda, irin su Bosch na Jamus, Yamaha da Shimano na Japan, da Bafang na China. Samfurin Bafang na BBS02 da BBSHD ana sayar da su ne domin a ɗaura wa keken da mutum yake da shi. Na tsakiya ƙarfinsa ta sarƙa yake bi ya isa tayar baya. Ke nan duk giyar da muka zaɓa wa ƙafarmu, ita muka zaɓa wa injin.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙirga haƙoran gaba, a raba da haƙoran baya. Injin BBSHD yakan zo da faranti mai haƙora 46. Idan sarƙa tana kan ƙaramin na baya mai 11, kowane zagayen feda zai juya taya sau huɗu da ɗoriya. Tayar inci 26 tana cin kimanin mita biyu a juyi guda. Da zagaye 80 a minti, gudun ya haura kilomita 41 a awa. Idan aka sa faranti mai 42, gudun zai sauko kusan 38, amma ƙarfin jan taya ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma. Idan mai 36 ne, gudun ya dawo wajen 32, ƙarfin ja kuma ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan zuciya ke gardama da hankali. Kowa yana son gudu, kuma babban faranti ya fi kyan gani. Sai dai injin lantarki yana son ya riƙa juyawa da sauri. Idan aka danne shi da giya mai nauyi a kan hawa, ko cikin yashi, ko da buhun masara a baya, sai juyinsa ya ragu, ya yi ta zuƙar wuta, wutar kuma ta koma zafi maimakon tafiya. Batir ya ƙare da wuri, na'urar da ke sarrafa wuta ta gasu, giyar roba da ke cikin injin ta fara cinyewa. Faranti araha ne idan aka gwada shi da waɗannan. Ga mai zuwa aiki da kasuwa a kan hanyoyinmu masu ramuka, mu dai mun tsaya a kan 42. Haƙora huɗu kawai aka rage, amma injin ya samu sarari.

Me ya sa ba mu sauka zuwa 36 gaba ɗaya ba? Saboda layin sarƙa. Jikin injin yana tura faranti waje, shi ya sa ake ƙera farantin da lanƙwasa kamar tasa, domin haƙoran su dawo ciki. Wanda ya gaza haƙora 42 yawanci ba ya da faɗin da zai rufe jikin injin, sai ya zauna a waje. Sarƙa ta karkace idan ta hau manyan giyoyin baya, ta yi ta ƙara, ta yi ta faɗuwa. Ga shi kuma ƙaramin faranti yana ƙara wa sarƙa ja. Shi ya sa muke neman faranti mai haƙora siriri da kauri a jere, domin ya fi riƙe sarƙa.

Wajen ɗaurawa, a fara cire batir. A ɗaure kusoshin faranti tsallake-tsallake, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. A rage tsawon sarƙa, domin ƙaramin faranti yana barin ta da sako-sako. Ana cire gaɓoɓinta bibbiyu ne. Daga nan a daidaita ƙananan kusoshi biyu na abin sauya giya, masu alamar H da L, don kada sarƙa ta wuce iyaka ta faɗa cikin wili. Kada a ɗora tsohuwar sarƙa a kan sabon faranti. Idan ta miƙe da kashi 0.75 cikin ɗari, ta gama aiki, kuma ƙurar hunturu tana gaggauta hakan.

Sauran aikin yana hannun mahayi. A sauko zuwa giya mai sauƙi kafin a tsaya, a tashi da ita. A sassauta feda ko totur lokacin sauya giya, domin sarƙar keke ba don ƙarfin wat 750 ko 1,000 aka fara ƙera ta ba. Wanda zai sayi faranti, ya fara ƙirga haƙoran kekensa, ya tuna tudun da ya fi ba shi wahala da kayan da yake ɗauka, sannan ya nufi wajen mai gyara. Sai mun ji naku.