Adakar Saje

Ƙarfe bakwai na safe muka bar Zariya, don direban ya ce shi ba ya bin hanyar Ƙanƙara sai rana ta ɗaga, kuma ba ya yarda la'asar ta riske shi a can. Ba wanda ya ja da shi. Kwana uku ke nan da rasuwar kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk unguwarsu ke kira Saje. Ban samu jana'iza ba, an yi masa sutura kafin labari ya iso ni. Sadakar uku nake so in riska.

Da za mu fita gari muka bi ta kusa da barikin horar da kurata, wanda ke Zariya tun 1924. Shekara da shekaru ina wuce wannan katanga ban taɓa ɗaga kai ba. Ran nan kuwa na bi ta da kallo har ta ɓace, saboda ta wannan ƙofa Kawu ya shiga a 1967, yana saurayin da bai wuce ashirin ba, ya bar garma a gonar mahaifinsa. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na shekarar, ana neman mazaje ido rufe. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin yaƙi, sai da ta kai wajen dubu 250 kafin a gama. Horon makonni kaɗan ake yi wa yaro, a miƙa masa bindiga, a loda shi a jirgin ƙasa zuwa Kudu. Samarin ƙasar Katsina da yawa sun tafi da ƙwarin gwiwar cewa nasu na gaba: Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, wanda ya riƙe gwamnan Arewa, ya kuma zama babban hafsan sojan ƙasa a 1968.

Daga Giwa zuwa Funtuwa kaka ce sosai. Dawa ta sunkuya, an tara masara a bakin hanya, auduga ta yi fari. Fasinjoji na ta hirar farashin taki. Muka wuce Bakori. Amma muna karya kan mota a Marabar Ƙanƙara sai hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo, wata dattijuwa a bayana ta kama jan carbi. Gonakin bakin titi an nome su, na can ciki kuwa ciyawa ta cinye, ba don masu su sun yi lalaci ba. Da muka zo 'Yargoje, inda 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a watan Yunin 2024, wani ya ce “Allah ya jiƙan musulmi,” muka amsa, ba wanda ya ƙara.

Zauren Kawu yana nan yadda na san shi, da dakalinsa da tsohuwar kujerar ƙarfe. An shimfiɗa tabarmi har waje. Na tsuguna na gaida manya, aka yi addu'a aka shafa, ana ta zagayawa da gumba da waina. Na zauna ina sauraron masu zuwa gaisuwa, ina jiran in ji an ambaci yaƙi. Ba wanda ya ambata. Wani mai shayi ya ce Saje ne ya ba shi jarin farko. Wani malamin makaranta ya ce a zauren nan ya kwana shekara uku yana karatu, daga wani ƙauyen Faskari aka kawo shi, kuma bai taɓa gane bambancin kwanonsa da na 'ya'yan gida ba. Liman ya ce tun da ya san shi bai taɓa rigansa shiga masallaci da asuba ba. Mutumin da gari ya laƙaba wa muƙamin soja har sunansa na yanka ya ɓace, ga shi ana yabonsa da tuwo da sahun salla.

Ni dai sau ɗaya tak ya taɓa ba ni labarin fagen daga, ina ɗan sakandare, shi ma don na matsa masa ne. A runduna ta biyu aka saka shi, ta Kanar Murtala Muhammed, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa bayan dakarun Biyafara sun kutsa jihar Tsakiyar Yamma a watan Agustan 1967. Suka kore su har Asaba, suka tarar an karya gadar Kwara. Aka ce a haye zuwa Anaca ta ruwa. A watan Oktoba aka gwada, aka sake gwadawa, jirage suka nutse da mutane. Kawu ya ce da ni, “Yaro, ni harsashi bai ba ni tsoro kamar ruwan nan ba. A garinmu rafi da rani yashi ne. Wa ya koya mana iyo?” Ya ce ya ga abokansa sun tafi ƙasa da takalmi da bindiga, ba wanda aka harba a cikinsu. Sai a watan Maris na 1968 aka kama Anaca, bayan an zagayo ta tudu, kuma a ƙarshen watan ne aka yi wa ayarin motocinsu kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta cinye kusan komai.

A Asaba ɗin nan, a Oktoban nan, sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan farar hula maza. Na faɗe shi ne don ba daidai ba ne a tuna da namu da ruwa ya ci a mance da nasu da aka jera. Kawu, da ya kai ƙarshen labarinsa, cewa ya yi duk wanda ka ji yana zumuɗin yaƙi bai je ba ne. Daga nan ya aike ni sayen goro.

An gama yaƙi ranar 15 ga Janairun 1970, ranar da yanzu ake tunawa da 'yan mazan jiya kowace shekara. Ya ƙara wasu shekaru a bariki, ya kai saje, aka sallame shi lokacin da ake rage yawan sojoji. Abokansa da dama sun tsaya Kaduna da Kano suna gadi a masaƙu da bankuna, aikin da ake ajiye wa tsohon soja ke nan. Shi ya ƙi. Ya ce ya gaji da tsaron ƙofar wasu. Ya dawo Ƙanƙara, ya karɓi gonar gado, ya ɗauki 'ya'yan ƙaninsa da ya rasu ya haɗa da nasa. A nan ne sojancin ya sami wurin zama. Rumbu ba a buɗe shi sai ya auna. Kuɗin makaranta ana ware shi tun ranar da aka sayar da auduga. 'Ya'yansa mata duk sun yi karatu, a lokacin da ake yi masa surutu a kan haka. Fansho kuwa wahalarsa ta ishe shi: tsoho ya hau mota ya yi tafiyar yini zuwa wani ofishi don a tabbatar yana raye, ya kwana a baranda, a ce ya dawo wani watan. Na taɓa raka shi sau ɗaya, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da azahar na shiga cikin gida wurin Inna, uwargidansa. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba.

“Inna, ya haƙuri?”

“Haƙuri da godiya, ɗan nan. Ka sha hanya. Ya ka baro yaran?”

Ba ta kama sunansa ba, ba ta taɓa kamawa ba. Malam take cewa. Ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, koren fentinta duk ya kankare. Na zaci kaki zan gani. Akwai shi, a can ƙasa, da lambar yabo guda da takardar sallama a cikin leda. Amma abin da ya cika adakar takardun 'ya'ya ne: na haihuwa, na sakamakon jarrabawa, rasiɗin kuɗin makaranta an ɗaure da zare shekara-shekara, har da katin asibitin jikoki. Na tsinci nawa sakamakon na aji uku a ciki, wanda ni kaina ban san inda ya shiga ba.

Ita ta ba ni labarin daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Ta ce harbin farko Malam ya tashi zaune, ya ce wannan ba bindigar maharba ba ce. Ya tattara kowa a ɗaki guda, ya ce a kwanta a ƙasa, a kashe fitila, shi kuma ya ɗauki kujerarsa ya zauna a zaure da sanda har gari ya waye. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, da sanda. Kwana shida yana zuwa yana zama da iyayen yaran da suka taru a ƙofar makaranta, har aka sako su 344 ranar 17 ga wata. A shekarar ce sojoji suka kafa babban sansani a Faskari, suka yi bikin ranarsu a can. A shekarar da ta biyo aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi goma, muka yi watanni ba ma jin muryarsa sai saƙon baki ta hannun direbobi.

Mun yi ta roƙonsa ya dawo Zariya. Inna ta ce amsarsa kullum ɗaya ce: gidan da ke da mutum ashirin da wani abu, da 'yan gudun hijira biyu-uku daga ƙauye a zaure, a aljihun wa zai sa su? Abin da ya fi ci masa rai, in ji ta, shi ne gonarsa ta nesa da ya daina zuwa. Ya je har bakin Kwara don ƙasa ta zauna ɗaya, ga shi gonar ubansa ta gagare shi. Da gwamnati ta ɗauki samari aikin tsaron al'umma a 2023, wani jikansa ya zo neman izini. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sa masa albarka, ya ce kada ya kuskura ya ɗaga bindiga a kan wanda bai ɗaga masa ba.

Ƙarfe uku saura direba ya aiko yaro. Na roƙi babban ɗansa ya kai ni maƙabarta, muka je a kan babur, ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Da na dawo sallama, Inna ta sa an ɗaure mini dawa tiya biyu a buhu.

“Inna, da kin bar shi, ga jama'a a gida.”

“Ɗauki. Tun kafin ya kwanta ya auna na kowa, naka ne wannan.”

Na rungumi buhun a cinya har Funtuwa, don bayan motar ya cika.