Gado da Maiƙon Miya

Masu iya magana na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma akwai gadon da ba wanda ke fatan ya faɗo a rabonsa. A gidanmu ciwon suga ya kama mahaifina yana da shekara 47, kafin shi ya kama Gwaggo, kuma shi ne ya ci ƙafar kakanmu. Tun ina sakandare ake ce mini in shirya, wai abin a jini yake. To in a jini yake, me zai amfane ni in bar kitsen tsire, ko in rage manja a miya? Wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A matsayina na ɗalibin harshe, na lura kalmar "gado" ce ke ruɗa mu. Gona in an raba ta, rabonka ya zama naka a ranar. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, sauƙin kamuwa da shi kawai ake gada. Masana sun gano ɗaruruwan gurabe a ƙwayoyin halittar ɗan'adam da kowanne ke ƙara haɗarin kaɗan. Wanda ya fi shahara shi ne TCF7L2, da aka gano alaƙarsa da cutar a ƙasar Aislan a 2006. Yana shafar yadda jiki ke fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai wa tsoka.

Dubi ƙabilar Pima, ya kai mai karatu. Tushensu ɗaya, wasu na zaune a Arizona ta Amurka, wasu a duwatsun Meziko. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna 38 cikin 100 na manyansu a Amurka suna da cutar, na Meziko kuwa kusan 7 ne. Waɗannan manoma ne masu aikin ƙarfi, ba su tara ƙiba ba.

Sai batun mai. Bahaushe kalma ɗaya yake kiran su duka da ita, amma jiki yana bambance su. Akwai mai daskarewa, irin kitse da kakide da man shanu, kuma kusan rabin manja na wannan layin ne. Akwai wanda ke zama ruwa-ruwa, irin man waken suya da na riɗi da maiƙon kifi. Man gyaɗa ma kaso kaɗan ne nasa ke cikin rukunin farko. Kitse in ya taru a hanta da tumbi, jiki yakan daina jin kiran insulin, suga ya tsaya a jini.

A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da ya haɗa mutum sama da 100,000 masu asalin Turai, inda kimanin 20,000 suka kamu da cutar daga baya. An ga cewa gado yana ƙara haɗari. An kuma ga cewa maye gurbin suga da tataccen sitaci da mai irin na waken suya da kifi yana rage shi kaɗan, kuma amfanin bai bambanta tsakanin mai nauyin gado da mai sauƙinsa ba. Kafin nan, a 2002, wani gwaji a Amurka ya nuna rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke gab da ita.

Sanin haka abu ne mai sauƙi, aiki da shi ne jidali. A nan Kudu da muke karatu, wake da doya da miya duk a manja suke iyo. A gida kuwa miya marar maiƙo abin kunya ce ga uwar gida. Da na roƙi Inna ta rage man shanu a tuwo, cewa ta yi, "Kai yaro, boko ya hana ka cin daɗi?" Na ce, "Inna, don Baba ne, da ni, da su Auta." Ta yi shiru, daga ranar cokali ɗaya take zubawa maimakon uku.

Ni dai yanzu ina cire kitsen tsire kafin in ci, ina takawa zuwa aji, kuma duk shekara nakan je a auna mini suga. Ba ni da tabbacin zan tsira, amma ko shekara goma na jinkirta ta, na ci riba. 'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya san akwai cutar a danginsu, ya je awo tun bai ji komai ba, domin takan yi shekaru a ɓoye. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.